Tambayarku, Amsarmu: Inshorar lafiya bayan ritaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi ritaya daga aikin gwamnatin tarayya, shekaruna 62. Da na je asibitin da na saba zuwa, sai aka ce sunana ya fita daga tsarin inshora. Ina fama da hawan jini da ciwon suga, uwargidana kuma ciwon gwiwa. 'Ya'yana sun ce za su haɗa kuɗi su saya mana inshorar kamfani. Wacce ta fi sauƙi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaran albarka.

Abin da aka gaya maka haka yake. Tsarin ma'aikata yana tafiya ne da albashi, ya ɗauki ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Albashi na tsayawa, shi ma ya tsaya.

Amma kada ka fara da tambayar wacce ta fi araha. Kamfanoni irin su Hygeia da AXA Mansard da Avon da Reliance kowanne yana da matakai, kuma ƙaramin matakin da ake tallatawa galibi na matasa ne masu zazzaɓi da taifot. Da yawa ba sa karɓar sabon mutum a cikinsa idan ya haura 60 ko 65. Dattawa tsarinsu daban, kuɗinsa kuma ya ninka, ana maganar dubban ɗaruruwan naira a shekara ga mutum ɗaya.

Ga inda ake yin kuka. Ciwon da mutum ya shigo da shi, kamar naka, wasu tsare-tsaren ba sa biyan maganinsa sam, wasu sai an yi watanni ana jira, wasu kuma su yanka masa iyaka ta kuɗi, wadda kan ƙare tun shekara ba ta yi nisa ba. To ka tattara kwalayen magungunan da kake sha, ka lissafa kuɗinsu na wata, ka ninka sau 12, ka ƙara awon jini da ganin likita. Da wannan lissafin za ka tunkari wakilin kamfani, ka ce ya nuna maka a rubuce nawa za su ɗauka. Maganar baki ba ta biyan kuɗin magani. Ka tambayi aikin ido da wankin ƙoda, Hajiya kuma gashin ƙashi. Ka nemi jerin asibitocinsu ma, don wani jerin Legas da Abuja ne suka cika shi, kai kuwa a Zariya za ka kwanta.

Ni dai da zan zaɓa maka, sai ka fara leƙa ofishin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta maye gurbin tsohuwar hukumar inshorar lafiya, NHIS, da ita. Tana da tsarin GIFSHIP, na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, wanda 'yan fansho ke iya shiga da kuɗinsu. Da naira 15,000 a shekara kan kowane mutum aka fara shi, an ƙara daga baya, amma har yanzu bai kama ƙafar na kamfani ba. Sai dai a yi haƙuri da layi, kuma wani lokaci a ce maganin babu. Jihar Kaduna ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA.

Idan na gwamnatin ya ɗauke maka ganin likita da awo, ragowar kuɗin yaran a ajiye shi a asusu na daban saboda magani da larurar gaggawa.