Nonon akuya da ƙarancin jini ga jarirai: amsoshin likita

Tambaya: Likita, 'yar ƙwayar nan rawaya da ake ba mu a wurin awo, mene ne amfaninta? (Daga Gusau)

Amsa: Folik asid ce, wato bitamin B9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sha maikirogiram 400 kullum, kuma ya fi kyau a fara tun kafin ciki ya shiga, domin abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma gane ta samu ba.

Tambaya: Jikana watansa biyar. An jefa tururuwa cikin nonon uwarsa, tururuwar ta mutu, aka ce nonon ya lalace, muka koma ba shi nonon akuya tafasasshe. Yanzu ya yi fari, ba ya ƙiba. (Daga Talatar Mafara)

Amsa: Hajiya, don Allah a kai yaron nan asibiti yau. Tururuwa tana iya nutsewa cikin kowane nono, har na akuyar, amma da wannan gwajin banza ake raba yara da abincin da Allah ya hore musu. Na san kulawa ce ta sa kuka yi haka, sai dai nonon akuya folet ɗinsa (wato bitamin B9 na cikin abinci) kaɗan ne ƙwarai, ɗan abin da ya rage kuma tafasa ta lalata shi. Idan jariri ya rasa folet, ɓargo ba ya iya ƙera jini mai kyau. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa: idan sun koɗe, ga kasala da yawan kuka, wani lokaci har da gudawa, to jini ya yi ƙasa. Kada a ba shi jiƙo, kada wanzami ya yi masa tsaga, domin yaron da ba shi da jini ba a ƙara zubar masa da shi. A asibiti za a auna jininsa, a duba maleriya, a kuma taimaka wa uwar nononta ya dawo. Ita kuma a wadata ta da wake, gyaɗa, alayyafo da zogale, ba a dafe su sun yi luguf ba. Idan numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi tsotso, ko tsakar dare ne a tafi.

Tambaya: Ɗana mai sikila ne, kuma ya samu sauƙi. In daina ba shi folik asid? (Daga Ƙauran Namoda)

Amsa: A'a, Malam. Jininsa yana saurin karyewa, jiki kuma kullum cikin ƙera sabo yake. A ci gaba yadda likitansa ya rubuta, kuma da zarar zazzaɓi ya taso a kai shi asibiti.