Shin mu ɓoye wa Baba gaskiyar ciwonsa?

Malama, kin ce likitoci a asibitin Shika da ke Zariya sun tabbatar kansar Baba ta fi ƙarfin magani, kina tambaya ko ku ɓoye masa. Allah ya ba shi sauƙi. A ganina, kada ku ɓoye. Sau da yawa mara lafiya ya riga ya gane, shirun gidan ne ke cin ransa. Ku tambaye shi iya abin da yake son ji. Wataƙila akwai bashi ko wasiyya a zuciyarsa.

Kuma kada a bar shi da raɗaɗi. Likita na iya rubuta mofin na sha, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ana bayarwa duk awa 4, ba sai ciwo ya taso ba. Yana ɗaure ciki, ku karɓo maganin hakan tare.