Hajiya, kar ki fara da rushe bangon kicin

Wallahi Hajiya da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Gidan 1962 a bakin tafki, kina son rushe bangon da ya raba kicin da falo, kina tambayar ta ina za ki fara. Namu na 1959 ne, nan jihar Minesota ta Amurka, irin masu manyan gilasan nan.

Don Allah kar kowa ya taɓa tayil ɗin ƙasa sai an kai gwaji. Namu ƙananan nan ne masu inci 9, kuma irinsu da yawa akwai asbestos a ciki, wato wani sinadari mai cutar da huhu in an shaƙi ƙurarsa, har da baƙin gam ɗin da aka liƙa su da shi. Ɗan kwangilar da muka ɗauka, a masallaci aka haɗa mu, ya karɓi rabin kuɗi, ya kawo yaransa suka yi ta ɓamɓarewa da shebur, ko leda ba su rufa a ƙofa ba. Na dawo daga aiki na tarar da autata zaune dirshan tana zane da yatsa a cikin ƙurar. Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta ce a gwada. Ranar da sakamako ya fito na kira mutumin nan ya fi sau ashirin, da ya ɗaga sai cewa ya yi wai Allah ne mai tsarewa. Sati uku muna rakuɓe a gidan ƙanwar maigidana, mu shida a ɗaki guda, muka sake biyan masu lasisi suka kwashe. Har gobe in na hango shi a filin idi kau da kai nake yi.

Fenti ma haka. Gidan da aka gina kafin 1978, ki ɗauka akwai dalma a fentinsa, kar a goge shi a bushe yara suna gida.

Bangon kuwa injiniya ya fara dubawa, wataƙila shi ke riƙe da rufin. Mu mun buɗe namu, tafki ya fito tar daga inda nake girki, amma ranar miyar kuka labule da kujeru duk daddawa suke yi, ga abokan maigida a falo suna kallon tukunyarki. Ki sa fankar da ke fitar da hayaki waje, ba mai juya shi cikin ɗaki ba.

Sannan in a jiharmu kike, filin da ke cikin ƙafa 1,000 daga tafki yana da dokarsa daban, ko baranda za ki ƙara sai da izinin hukuma. A duba miki sokawe kuma kafin ƙasa ta daskare. Gilasan sai bana muka iya canzawa, hunturu uku ina toshe ƙasansu da tsofaffin zannuwa.