Amsa: 'Yan nazare sun hana ni koyarwa

Malama, kin tambayi yadda za ki shawo kan hayaniya da dambe a ajinki ba tare da bulala ba. Ki rage tsawon darasi. Minti 15 ya isa, sai a miƙe a yi waƙa da tafi, a koma zama. Mai fitinar cikinsu kuwa ki zaunar da shi kusa da ke, ki ba shi rabon fensir.

Ɗan shekara 4 ba ya jure dogon zama. Amma a ajina a nan Jos na lura, lokacin hunturu, yaron da ya fito bai karya ba, hannunsa ya ƙandare don sanyi, shi ke fara kuka da cizo wajen ƙarfe 10. Irin wannan ki fara duba kwandon abincinsa, sannan ki yi wa mahaifiyarsa magana in ta zo ɗaukarsa.