Amsar tambayar Habibu kan buga-bugar 'yan Malesiya (murya)

Assalamu alaikum jama'a, ina gaida manyanmu na wannan zaure, Allah ya ƙara girma. Habibu naga saƙonka, tambayar da kayi cewa su 'yan Malesiya da ake gani kowa da motarsa, wai albashi ne kaɗai ke riƙe da su ko akwai buga-buga a gefe, sannan kai da zaka shigo karatu ko zaka iya tsoma hannu a ciki. Toh abin yafi ƙarfin rubutu shi yasa nace bari inyi murya, ayi haƙuri zata ɗan ja.

Albashi kaɗai baya riƙe su ƙanina. Mafi ƙarancin albashi a nan ringgit 1,700 ne tun Fabrairun 2025, kafin nan 1,500 ne, in ka buga shi da naira sai kaga kamar an warke, amma ka zauna a Kuala Lumpur ko Shah Alam ka biya haya, ga motar nan da kake gani Myvi ce ko Axia yawanci bashin banki ce wani har shekara 9 yana biya, ga bashin karatu na PTPTN da yake bin waɗanda suka gama jami'a, kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe. Shi yasa zakaga mutum da rigar ofis da safe, da yamma ya canza ya zama wani mutum daban. Kuma abin da ya burge ni da su, basa jin kunyar abin ko kaɗan, mai digiri na biyu zai tsaya yana juya burger a bakin titi kuma abokan aikinsa su zo su saya.

Wanda kowa ya sani shine Grab, manhajar kiran motar haya irin Uber. Mutane da yawa sun ɗauka na Singafo ne, a'a a nan aka haife shi a 2012 da sunan MyTeksi, daga baya suka mayar da hedikwata can, a 2018 kuma suka haɗiye harkar Uber ta yankin gaba ɗaya. Ma'aikaci ya tashi aiki ƙarfe biyar da rabi sai ya kunna manhaja ya ɗauki fasinja zuwa goman dare, Asabar da Lahadi kuma ya wuni. Amma tun 2019 ba haka kawai ake shiga ba, sai kayi lasin PSV na ɗaukar fasinja, a duba lafiyarka, mota in ta wuce shekara 3 a kai ta Puspakom, wajen gwajin lafiyar motoci, a duba, ga inshora ta musamman. Marasa mota su hau babur, GrabFood, Foodpanda, Lalamove, ShopeeFood, zaka gansu da jakunkuna a baya kore da ruwan hoda suna tsaye a ƙarƙashin gada in ruwa ya tsuge, kuma a ƙasar nan ruwa baya sallama. Ni a ganina wannan ita ce mafi wahala kuma mafi ƙarancin albarka a cikinsu, don ranar da baka fita ba babu ko sisi, mota tana cin jiki, kamfani ya cire kasonsa, haɗari kuma Allah ya kiyaye. Abin da ke ɗan taimakonsu fetur ne mai tallafi, ya daɗe a ringgit 2.05 lita har zuwa Satumbar 2025.

Inda kuɗin yake da gaske, in ka tambaye ni, abinci ne. Mutanen nan suna cin abincin waje safe da rana da dare, kagane. Mace zata tashi ƙarfe huɗu na asuba ta dafa nasi lemak, shinkafa ce da madarar kwakwa da yajinsu sambal da 'yan ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai, ta ƙulla ta ajiye tebur a bakin hanya ko ta buɗe bayan mota, kafin tara ta sayar ta wuce ofis. Wata ma bata tsayawa, kai wa take wurin mai rumfa ya sayar mata ya cire ɗan nasa. Da dare kuma samari ne da rumfar burger ta Ramly a gaban shagunan 7-Eleven har ɗaya na dare. Sai pasar malam, kasuwar dare, ita kamar kasuwannin ƙauyenmu take masu ci mako-mako, yau tana wannan unguwa gobe tana waccan, mai sana'a yasan jadawalin sai ya zaɓi dare biyu ko uku da zai iya. Amma babban lokacin shine azumi, bazar Ramadan, kasuwar kayan buɗa baki, wata guda cur, akwai waɗanda suke ajiye hutunsu na shekara don shi kawai. Ga kuma kuih raya, kayan ƙwalam na sallah a cikin robobi masu jan murfi, tun Sha'aban mata suke fara karɓar oda a WhatsApp da ofis, ki biya tukuna sannan a toya. Wannan wajen nake so matan zauren nan su lura, Hajiya Maman Ilham da ke ake, basa zuba jari su zauna jiran mai saye, kuɗin mai oda shine jarin, ba kwantai ba bashi.

Kullen korona da aka fara 18 ga Maris 2020 shi ya ƙara hura abin, mutane suna gida aiki ya tsaya sai kowa ya koma sayarwa ta waya, kuma da aka buɗe gari basu daina ba. Yanzu kasuwannin intanet ne irin su Shopee da Lazada da TikTok Shop, yarinya zata kunna live da dare tana ɗaga ɗankwali ɗaya bayan ɗaya tana surutu awa biyu mutane na danna saye, ranakun rangwame na 11 ga Nuwamba da 12 ga Disamba kuwa sai ka rantse sallah ake. Wasu basu da kaya ma ko ɗaya, ejan ne kawai, mai kamfani yana sama, a ƙarƙashinsa masu tara kaya, sannan ejan, sannan mai tallar hoto kawai wanda in an saya kamfani ya aika shi kuma a bashi kamasho. Na can ƙasa ribarsa kaɗan ce gaskiya, kuma nan ne ake yawan cusa wa mutane kayan da basa tafiya, musamman maganin rage ƙiba da man bilicin, a ce sai ka sayi katan kaza kafin ka hau mataki, wannan kam ni bana yabonsa.

Sauran kuma a gurguje, lesin na yara masu jarrabawar SPM ta gama sakandare, koyar da karatun Alƙur'ani gida-gida ko ta Zoom, ejan na takaful wato inshorar Musulunci, dillancin gidaje, masu bada gidan gado na ƙauye haya ga baƙin biki, lokacin durian kuma, wani ɗan itace da suke matuƙar so, kowa ya zama ɗan kasuwa.

Toh abin da yasa nasu yake tafiya sumul, takarda ce mai araha. Kaje SSM, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet kayi rajistar sana'a da sunanka ringgit 30 a shekara, in sunan kasuwanci kake so 60. Mai abinci yayi allurar taifod da ɗan kwas na tsafta, ya nemi izinin ƙaramar hukuma, a Kuala Lumpur DBKL kenan. Ya manna lambar DuitNow QR ta karɓar kuɗi ta waya a jikin tebur, ko ringgit 2 ne ka haska waya ya shiga, babu rigimar canji. Mai jari kaɗan akwai TEKUN mai bada ƙaramin rance, mata kuma akwai irinta Amanah Ikhtiar. Har fansho an yi musu hanya, i-Saraan a ƙarƙashin EPF, asusun fanshonsu, ka zuba da kanka gwamnati ta ɗora maka wani abu har ringgit 500 a shekara, ga PERKESO, inshorar ma'aikata, in anyi haɗari. Ma'aikacin gwamnati shi sai ya nemi izinin shugaban ma'aikatarsa tukuna, kuma kuɗin gefen ma hukumar haraji LHDN tana so a faɗa mata.

Yawwa, yanzu kai Habibu, ka buɗe kunne. Duk abin nan da na lissafa na masu katin ɗan ƙasa ne. Kai da bizar karatu ba zaka yi Grab ba, ba zaka yi rajistar sana'a irin ta ringgit 30 ɗin nan ba. Abin da doka ta baka awa 20 ne a mako, shima sai lokacin hutun zango ko hutun da ya wuce kwana 7, kuma a wurare huɗu, gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti da otal, sannan sai makaranta ta nema maka izini wajen Immigration. Zaka iso ka samu masu ce maka ai kowa nayi, ka hau account ɗin wani kayi kai abinci, ƙanina kar ka fara, in aka kama ka biza ce zata tafi, karatu ya tafi, a ɗora ka a jirgi, kuɗin da Baba ya tara ya bi ruwa.

Na biyu kuma wanda yafi wannan muni, duk wanda yace ka bashi aron katin ATM ɗinka ko account ɗinka kuɗi zasu wuce ya baka wani abu, ko ɗan garinku ne ko a masallaci kuka haɗu, kace a'a. Kuɗin damfara ne ake wucewa dasu, kuma sunan da 'yan sanda zasu gani naka ne ba nasa ba. Haka saƙonnin nan na Telegram, wai kayi like a biya ka, zasu baka ringgit 10 na farko ka saki jiki sannan su ce ka zuba naka. In abin ya riga ya faru lambar kai rahoton damfara da ake kira 997 ce, kuma da gaggawa ake kira kafin kuɗin su bar banki.

Ka taho da kuɗin da zai riƙe ka aƙalla zangon farko ba tare da ka dogara da wani aiki ba, wannan ka faɗa wa Baba tun yanzu. Maganar masauki kuma ka turo min sunan makarantar da ranar da jirginka zai sauka KLIA ta private, sai in haɗa ka da shugaban ɗalibanmu na wajen. Wassalamu alaikum.