Tambayoyin Masu Karatu: Shin Zan Iya Sauya Bututun Bindigata da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai sakata, wato ƙarfen da ake turawa da hannu ya kulle harsashi a gindin bututu, kuma ina da lasisinta. Na shafe shekaru ina harbi da ita, amma yanzu harsashi ba ya zuwa inda na saita, sai ya riƙa warwatsuwa. Wani abokina ya ce bututun ne ya cinye, kuma wai ba sai na kai wa maƙerin bindiga ba, zan iya sayo sabo in ɗaura a gida. Ina da ɗan sanin aikin ƙarfe, kuma kuɗin aikin maƙeri ba kaɗan ba ne. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga sauyi, ina so ka tabbatar cewa bututun ne ya mutu, domin sau da yawa ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Kusoshin da suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙota suna sassautawa, mazaunin madubin saiti yana motsi, tagullar jikin harsashi kuma tana taruwa a cikin bututu har ta cike tsagar da ke murɗa harsashin idan an harba. Ka wanke bututun sosai, ka ɗaure abin da ya kamata, ka sake gwadawa. Idan abin bai gyaru ba, maƙeri yana da siririn madubi da yake zurawa ciki, kuma bututun da ya cinye ba ya ɓoyuwa: a daidai gaban mazaunin harsashi za ka ga ƙarfen ya tsattsage kamar busasshen taɓo, saboda nan ne wutar albarushi take fara duka.

To, a ce ya tabbata ya cinye. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, amma rabin da ya bari shi ne mai hatsarin. Kwance tsohon bututu da murɗa sabo ba su ne ainihin aikin ba. Ainihin aikin shi ne daidaita tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da wurin da kwanson harsashi yake tsayawa a cikin mazauninsa. Ana auna ta da geji biyu na ƙarfe masu siffar kwanso: ɗaya dole sakata ta rufu a kansa, ɗayan kuma dole ta ƙi rufuwa. A harsashin .308 Winchester, bambancin da ke tsakanin gejin biyu inci 0.004 ne, wato kusan kaurin takarda guda. Shi kuwa wannan harsashi, ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta yarda matsin iskar da yake haifarwa idan an harba shi ya kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Idan tazarar ta yi yawa, kwanson yana miƙewa har ya tsinke a gindi, iska mai zafi da ɓarɓashin ƙarfe su dawo baya, kuma abin da ke baya a wannan lokacin shi ne idonka da kuncinka. Idan ta yi kaɗan, sakata ba za ta rufu ba sai da ƙarfi, wanda shi ma ba abin wasa ba ne. Ido ba ya ganin kuskuren yawan tazara, hannu ma ba ya jin sa, shi ya sa ba na ɗaukar maganar da sauƙi.

Ba ka faɗa mini ƙirar bindigarka ba, alhali amsar ta rataya a kanta. Akwai masu noti a gindin bututu, irin Savage 110 da ta fito a 1958, waɗanda aka tsara su yadda notin ne yake riƙe tazarar bayan an daidaita ta. Mutum mai natsuwa, mai geji da abin matse bututu da sifanar da ta dace, yana iya yin wannan aikin. Akwai kuma irin Remington 700 ta 1962, wadda kafaɗar bututun ce take zama a jikin ƙarfen bindigar, kuma bisa al'ada sai an ɗora sabon a kan injin sassaƙar ƙarfe an yanke shi daidai da wannan bindiga ita kaɗai. Wannan aikin maƙeri ne, ba na ɗakin ajiye kaya ba. Bayan haka, bututun da ya zo daga masana'anta yakan ɗauru tamau, kuma na ga wanda ya kama shi da sifanar famfo ya murɗe ƙarfen bindigar gaba ɗaya, aka rasa tsohon aka rasa sabon.

Sai maganar doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, raifal da bututunta bai kai inci 16 ba tana faɗawa ƙarƙashin dokar 1934 mai buƙatar rajista ta musamman. A Ingila, bututun shi kansa yana buƙatar izini, kuma akwai gidajen gwajin bindiga a Landan da Birmingham da suke harba shi da matsi fiye da kima kafin su buga masa hatimi. Ka tambayi hukumar da ta ba ka lasisi tun kafin ka sayi komai.

Game da kuɗi kuwa, idan sau ɗaya za ka yi, kayan aikin da za ka saya suna iya cinye abin da kake son ka rage. Shawarata ita ce ka kai wa maƙeri mai lasisi, ka roƙe shi ya auna tazarar a gabanka da geji biyun, sannan ya nuna maka kwanson harsashin farko da ya gwada, ka duba gindinsa ko akwai wani zobe mai ƙyalli da ya zagaye shi, alamar cewa kwanson ya miƙe.