Ku Tambaya Mu Amsa: Idona Ba Ya Raba Ja da Kore, Ko In Haƙura da Ɗaukar Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina da sha'awar ɗaukar hoto da wayata, na gona, na kasuwa, na hawan Sallah. Amma duk hoton da na zauna na gyara sai ƙannena su yi ta dariya, wai na mai da fuskar mutane koriya, ni kuwa lafiya lau nake ganinta. Da aka gwada ni a asibiti aka ce ba na bambance ja da kore sosai. In haƙura ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu dalilin haƙura. Abin da za ka bari shi ne gyaran kala da ido, ka koma gyarawa da awo.

A can bayan ido akwai ƙwayoyi iri 3 masu karɓar launi: masu karkata ga ja, masu karkata ga kore, da masu karkata ga shuɗi. Irin matsalarka ɗaya daga cikin biyun farko ne ya raunana ko babu shi. Ke nan shuɗi da rawaya kana rabe su daidai, haske da inuwa ma haka, kuma su ne ƙashin bayan hoto. Ka buɗe manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko Snapseed a wajen daidaita farin hoto, za ka ga layuka biyu da ake ja da yatsa. Na farko, mai suna Temp ko Temperature, daga shuɗi yake tafiya zuwa rawaya. Wannan idonka zai iya. Na biyu, Tint, daga kore yake zuwa ruwan hoda, kuma shi ne ramin da kake faɗawa: kana jansa ba ka ganin wani sauyi, sai ka ci gaba da jansa, ƙannenka kuwa suna kallon fuska ta zama ganyen yakuwa.

Maganinsa kati ne mai ruwan toka, wanda masu sayar da kayan hoto ke kira katin kashi 18. Kafin ka fara ɗauka, ka ba wanda za a ɗauka ya riƙe shi kusa da haɓarsa, yana fuskantar kyamara, ka ɗauki hoto guda. Daga nan ka ci gaba da aikinka ba kati. Wajen gyara, ka buɗe hoton katin, ka taɓa alamar nan mai kama da ɗan bututun ɗiga maganin ido, ka ɗora ta a kan katin. Manhajar da kanta za ta saita layukan biyu. Ka kwafi saitin, ko ka rubuta lambobin, ka sa wa sauran hotunan da aka ɗauka a wannan hasken. Da ka tashi daga rana zuwa inuwa, ko rana ta yi ƙasa, sai a sake hoton kati.

In kati bai samu ba, farar takarda marar sheƙi za ta rage asara. Amma kada ka yi awo da farar shadda. Yawancinta an wanke ta da bula, tana da shuɗi-shuɗin da ido ba ya lura da shi, manhaja kuwa za ta zuba rawaya don ta kashe shuɗin, hoton duka ya koma ruwan ɗorawa.

Akwai wurare uku da wayar da kanta take ruɗewa, tun kafin ka taɓa komai. Gindin darbejiya ko mangwaro, inda hasken ke ratsowa ta ganye ya sauka a goshi da kumatu da ɗan kore. Ƙarƙashin kanofin biki, inda kowa ke ɗaukar launin tamfol ɗin da ke kansa. Sai jikin katangar jar ƙasa: wayar na ganin ja ya yi yawa, sai ta ƙara kishiyarsa, mutum ya fito fari-fat kamar wanda ya tashi daga jinya. A biyun farko abin da ya fi sauƙi shi ne ka ce wa mutumin ya matso bakin inuwar, fuskarsa na kallon fili. A na uku, ka shiga sashen Pro na kyamarar, ka cire WB, wato saitin farin hoto, daga kan Auto, ka sa lambar launin hasken da hannunka. Rana tsaka 5200 zuwa 5500. Hadari ko gajimare 6000 zuwa 6500. Inuwa sosai wajen 7000. Tsohon ƙwan lantarki mai rawaya wajen 3000. Wayar da ba ta nuna lamba tana da zanen rana, gajimare da ƙwai, ka zaɓi wanda ya dace. Lokacin hazon hunturu ka bar ta a 5500, don hoton ya riƙe wannan ruwan ƙura da ke nuna hunturu ne. Fitilar caji kuwa ba ta da amana, kowace da irin korenta, dole sai da kati.

Bayan ka gama, ka duba aikinka da lamba. Manhajojin tsinko launi irin su Color Grab suna ba da lambobi uku, R na ja, G na kore, B na shuɗi, daga 0 zuwa 255. Abin da yake fari ko ruwan toka, ukun su zo kusan ɗaya, bambancin 3 zuwa 5 ba komai. A fatar mutum, baƙi ne ko fari, ja ne kan gaba, kore na biye, shuɗi a ƙarshe. Alal misali kumatun mai duhun fata na iya ba ka 120, 85, 65. In ka ga kore ya kamo ja ko ya wuce shi, to dariya na nan tafe. Ka auna a kumatu, ban da inda goshi ke ƙyalli.

Sai jan kunne guda: layin ƙara ƙarfin kala. Masu irin idonka kan ja shi da yawa don a wajensu hoton ya yi sanyi. Ka yi wa kanka iyaka, kada ya wuce 10. In wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da wayar ba ta sarrafa ba, ka kunna, don shi ne ke ba da damar sauya farin hoto daga baya ba tare da ya lalace ba, sai dai yana cin wuri.

Tambaya: Ina noman rani a Kadawa. An ba ni shawara in koma hoto marar kala tunda ja da kore na ba ni wahala. Na gwada a gonar tumatir, sai ga tumatir da ganye duk sun haɗe, ba a gane komai. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, shawarar tana da kyau, rabinta aka faɗa maka. Nunannen tumatir da ganyensa launinsu ne ya bambanta, amma yawan hasken da suke mayarwa kusan ɗaya ne. Da aka cire kala sai duka suka zama toka iri guda. Masu hoton zamanin da suna ɗaura jan gilashi a bakin kyamara saboda wannan, ja ya yi haske, kore ya yi duhu. Yau a manhaja ake yi. Ka ɗauki hoton da kalarsa, kada ka ɗauka da tacen baƙi da fari na wayar, don in ta zubar da kalar ba ta dawowa. A Snapseed ka shiga sashen baƙi da fari ka zaɓi jan tace. A Lightroom ka ɗaga ja zuwa wajen 40, ka sauke kore zuwa ƙasa da sifili da kamar 30, ka duba, ka ƙara ko ka rage. Nan idonka ne alƙali, ba ka bukatar kowa.

In kuma da kala kake so, ka kula da ja mai ƙarfi, irin tattasai da aka shanya ko jan rawanin dogarai. Shi ne ke fara ƙonewa a hoto, zanen jikinsa ya ɓace ya zama fenti shafe. Wanda ƙwayoyin jansa ne suka raunana yana ganin ja da duhu, don haka ba zai lura ba. Ka rage hasken ɗauka, wato layin EV na kyamarar, da 0.3 zuwa 0.7, kuma ka fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da siffar kowane tumatir.

Tambaya: Ni uwa ce daga Birnin Kudu. Ɗana ɗan shekara 15 kullum yana riƙe da waya yana ɗaukar tsuntsaye, amma ɗanyen mangwaro da nunanne ba ya rabewa sai ya taɓa. Yayana ma haka yake. Gado ne? Akwai magani, ko gilashin da muke gani ana talla?

Amsa: Hajiya, da alama gado ne, kuma kin riga kin nuna hanyarsa da kika ambaci kawunsa. Ta wajen uwa yake biyowa. Mace kan kasance ɗauke da shi idonta lafiya, kowane ɗa namiji da ta haifa kuma rabi da rabi ne, ko ya samu ko ya tsira. Uba ba ya ba ɗansa namiji, 'ya'yansa mata yake ba wa su ɗauka. Shi ya sa ya fi yawa a maza: a Turawa kusan namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200, a Afirka bai kai haka ba. Ba laifin kowa ba ne, ba ya ƙaruwa, ba ya kai wa ga makanta, kuma ba shi da magani, na asibiti ko na gargajiya. Gilashin da ake talla tace haske yake yi, wasu launuka su ɗan rabu, amma ba ya gyara ido, kuma bai kamata a gyara hoto da shi a fuska ba.

Ki kai shi a yi masa gwajin Ishihara, littafi ne mai shafuka cike da ɗigo-ɗigon launi da lamba ɓoye a ciki, wani likitan Japan ya fito da shi a 1917. Minti kaɗan ne, kuma asibitocin ido na Kano da Dutse sun san shi. Amfaninsa yaron ya san matsayinsa tun kafin ya zaɓi sana'a, don aikin tuƙa jirgi da wasu ayyukan ɗamara suna gwada wannan. Tsuntsayensa kuwa a bar shi da su. Masu kallon tsuntsu da siffar baki, tsawon ƙafa, irin tashi da kuka suke gane yawancinsu, kuma fadamar Baturiya da ke yankin Haɗeja na cika da baƙin tsuntsaye daga Turai lokacin hunturu.

Wanda ya kamata ya gaggauta ganin likita shi ne babban mutumin da a da yake ganin launi daidai sai abin ya sauya, ko ido ɗaya ne kawai. Ciwon suga, hawan jinin ido da yana duk suna kawo haka, haka ma ethambutol, ɗaya daga magungunan tarin fuka.

Tambaya: Na kunna gyaran launi na masu matsalar ido a saitin wayata. Zai shafi hotunan da nake kai wa wanki a Gaya?

Amsa: A'a, fuskar wayar kawai yake sauyawa, hoton na nan yadda yake. Amma ka kashe shi lokacin gyara, tare da saitin kare ido da ke mai da fuskar waya rawaya da dare, in ba haka ba abin da kake gani daban, abin da mai wanki zai buga daban. Ka tura masa hoton ta kebul, ko ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ya matse. Ka ce ya fara buga ƙarami guda, 4 da 6, ba tare da injinsa ya taɓa kalar ba. Ka fito da shi waje a inuwa, ka nuna wa mutum ɗaya da ka amince da idonsa, kuma kada ka ce masa "ya yi kyau?", don kunya za ta sa ya ce e. Ka ce masa: farar rigar nan, fara ce ko ta karkata, kuma ta wane ɓangare?